Manchesta: Birnin Zare da Hayaƙi, Inda Na Yi Wayo

Idan ka ambaci Manchesta a majalisar samarinmu na yanzu, kafin ka rufe baki an shiga musun ƙwallo, wannan ya ce United, wancan ya ce City, har a kai ga ɗaga jijiyar wuya. In kuwa a tsakar gida ka ambace ta, gaban iyayenmu mata da suka ga jiya suka ga yau, to atamfa za su tuna, 'yar Ingila mai nauyi wadda ba ta zuba, wadda a da in babu ita a lefe sai dangin amarya sun yi magana. Kowa da gaskiyarsa, sai dai na tsakar gidan sun fi kusa da tushen labarin, domin tun kafin a san ƙwallo zare ne ya gina garin, shi ya ɗaukaka shi, kuma ranar da zaren ya tsinke kowa ya ji a jikinsa.

Ni a wannan gari na yi wayo. An tafi da ni ina ɗan shekara 4, a 1971, lokacin da mahaifina ya samu gurbin karatun fasahar saƙa da rini a kwalejin kimiyya da fasaha ta UMIST. Karatun da aka ce na shekara 3 ne sai ya miƙe, domin bayan digiri Baba ya zarce bincike, daga baya ya kama aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin rini. Ba mu koma Kaduna ba sai 1983. Wato ke nan na tashi ne daidai lokacin da masaƙun ƙarshe ke rufewa, tsofaffin ma'aikatansu kuwa suna nan da ransu, suna ba da labari. Abin da na gani da idona, da wanda suka faɗa mini, da wanda na karanta bayan na girma, su zan haɗa wa mai karatu a nan.

LAYINMU

Gidanmu yana wani layi ne tsakanin unguwar Rusholme da Moss Side, irin layukan da aka gina wa ma'aikata tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Gidaje ne na jan bulo da hayaƙi ya mayar baƙi, kowanne manne da ɗan'uwansa, ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, ƙofa kuma tana buɗewa kai tsaye bisa titi. Makewayi yana waje, can ƙarshen wani ɗan tsakar gida da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, don haka a daren hunturu sai yaro ya yi dogon nazari kafin ya fita. Iskar gas ta girki da mita take, sai an jefa sule take kawowa. In sulen ya ƙare tukunya na kan wuta, sai Inna ta ce, "Kai, maza ƙwanƙwasa wa maƙwabta su yi mana canji."

Ƙarar kwalaben madara ce ke tashinmu da asuba, mai madara yana ajiye wa kowane gida nasa a bakin ƙofa, ba kuma wanda ke taɓa na wani. Da hantsi wani dattijo yakan biyo da keken doki yana cigiyar tsumma da tsohon ƙarfe, in ka ba shi ya ba ka balan-balan. Tsofaffin matan layin kuwa har lokacin suna durƙusawa su goge dokin ƙofarsu da wani farin dutse, wadda ta bar nata da dauɗa ta shiga bakin duniya. Iska in ta kaɗo daga yamma ta zo da tsamin kamfanin giya na Moss Side, in ta juyo daga gabas ta zo da ƙamshin kamfanin biskit. Ruwan sama kam ba a maganarsa, yayyafi ne mai naci da kan yini ya kwana.

Duk da haka, a wajen dattawan layin mu 'yan gata ne, ba mu ga hayaƙi ba. Tun 1952 aka hana tayar da hayaƙi a tsakiyar garin, a 1956 kuma aka yi dokar tsabtace iska ta ƙasa baki ɗaya. Kafin nan, in ji su, akan yi hazon da sai kwandasta ya sauka ya shiga gaban bas da fitila. A Manchesta ne a 1848 aka fara lura da wani malam-buɗe-littafin dare mai fari-fari da ya koma baƙi, saboda jikin itatuwa ya yi baƙi, baƙaƙen ne kawai ke ɓuya wa tsuntsaye. A nan ne kuma masanin sinadarai Robert Angus Smith ya yi binciken da ya sa a 1872 ya raɗa wa ruwan sama mai guba sunan da duniya ke kiransa da shi har yau.

Layin namu gambiza ne. Akwai Turawan Ingila, da 'yan Ayalan, da 'yan Jamaika masu aikin bas da asibiti, da 'yan Pakistan da aka ɗauko tun shekarun 1950 da 1960 don aikin dare a masaƙun Oldham da Rochdale, aikin da 'yan ƙasa suka fara gudu. 'Yan Nijeriya akasari ɗalibai ne Yarabawa da Ibo, Hausawa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Nama a titin Wilmslow muke saye wajen mahautan Pakistan, Juma'a da Idi kuma a masallacin Victoria Park. Inna takan tuƙa tuwo da garin shinkafa, ta yi miyar alayyafo da tunkuzar kwalba, ranar da wani ya zo daga gida da ƙullin kuka da daddawa kuwa, ranar sallah ce a gidanmu.

KAKA

Gidan da ke manne da namu na wata tsohuwar Baturiya ce da mijinta ya daɗe da rasuwa. Inna ta hana mu kiran sunanta, ta ce mu riƙa ce mata Kaka, ita ma har ta iya amsawa. Ta shiga masaƙa a 1912 tana 'yar shekara 12, rabin yini makaranta, rabin yini aiki, yadda doka ta yarda a lokacin, ba ta kuma fita ba sai da masaƙar ta rufe a ƙarshen shekarun 1950. Injin saƙa huɗu take tsarewa ita kaɗai, kuma da yawan yadin da ta sauke ake biyan ta.

Kunnenta ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai ka ɗaga murya. Ta ce a ɗakin saƙa ko ihu ka yi ba mai jin ka, don haka mata suka koyi magana da leɓe ba sauti, suna karanta bakin juna daga wannan bango zuwa wancan. Na sha ganin ta tana hira da wata ƙawarta daga tsallaken titi, baki na motsi, hannu na nuni, suna ta dariya, ba ka jin ko uffan. Ta nuna mini yadda suke sa baki su zuƙo zare ta ramin ƙoshiya sau ɗaruruwa a yini, ƙoshiyar da wata ma ta sa wa baki, abin da ya cinye mata haƙora ya kuma yaɗa cuta a tsakaninsu. Tarin da ƙurar auduga ta bar mata kuwa muna jin sa ta bango kowane dare.

Amma ka tambaye ta zamanin masaƙa ka ga fuskarta ta washe. Sai ta hau ba ka labarin mutumin da ake biya ya bi gida-gida da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa taga don tayar da ma'aikata, da ƙarar takalman katako a kan dutsen titi da sassafe, da makon hutun shekara da gari guda kan kulle masaƙunsa kowa ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku a Blackpool. Ta ce ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba sai da masaƙa ta rufe.

Wata ranar ƙaramar sallah Inna ta ɗaura ɗaya daga atamfofin lefenta. Kaka ta tare ta a ƙofa, ta kama gefen zanen ta murza da yatsu, ta duba rubutun da ke bakinsa, sai ta tuntsire da dariya, ta ce ai wannan a Hyde aka buga shi, garin da bai fi mil 7 daga inda muke tsaye ba. Can ne kamfanin ABC ke buga atamfar da ake kai wa Afirka ta Yamma, atamfar da matan garin kansu ba su taɓa ɗaurawa ba. Inna ta shigo gida tana cewa Baba, "Malam, ashe zanen nan gida ya dawo!"

YADDA ZARE YA GINA GARI

Manchesta ba ta noma auduga ko ƙwaya ɗaya, to me ya kawo saƙa can? Abubuwa ne suka taru. Iskar yankin Lankasha mai laima ce, zare ba ya yawan tsinkewa a cikinta. Akwai kwal a kusa, kuma a 1761 aka haƙa hanyar ruwa ta Bridgewater da ta karya farashinsa da kusan rabi. Ga tashar jiragen ruwa ta Libaful a gefe, a 1830 kuma aka haɗa garuruwan biyu da hanyar jirgin ƙasa, ta farko a duniya da ta haɗa manyan birane biyu. Injunan kaɗi da aka ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 18, da aka haɗa su da ƙarfin tururi, sai mutum ɗaya ya riƙa kaɗa zaren da a da sai mata ɗaruruwa da mazari. Garin da a 1801 yake da mutum wajen 70,000, zuwa 1851 ya haura 300,000. A 1853 akwai masana'antun auduga 108 a cikinsa.

Daga baya kaɗi da saƙa suka fi yawa a garuruwan kewaye, Manchesta ta zama kasuwa da rumbun ajiya. A babban zauren cinikin da ake kira Royal Exchange ake yanke farashin yadin da za a sa a Kalkata da Shanghai da Ikko. Da attajiran garin suka gaji da kuɗin da Libaful ke caja, sai suka haƙa wa kansu hanyar ruwa mai tsawon mil 36 zuwa teku, aka buɗe ta a 1894, manyan jirage suka riƙa shigowa har cikin gari. A 1913 Birtaniya ta fitar da yadi wajen miliyan dubu 7 zuwa ƙasashen waje. Masu masaƙu kan yi alfaharin cewa kafin karin kumallo sun gama saƙa wa Ingila, sauran yinin na duniya ne.

To amma wa ya biya kuɗin wannan ɗaukaka? Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa a gidajen leburorin Manchesta, in aka haɗa da jarirai, matsakaicin shekarun mutuwa 17 ne. Sai a 1819 doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙar auduga. A ranar 16 ga Agusta, 1819, mutum wajen 60,000 suka taru a filin St Peter suna neman wakilci a majalisa, aka sako musu mahaya da takubba, aka kashe aƙalla 15, ɗaruruwa suka jikkata. Friedrich Engels, ɗan mai masaƙa ne daga Jamus, abin da ya gani a lungunan garin shi ya rubuta a littafinsa na 1845 kan halin da ma'aikatan Ingila ke ciki, littafin da ya zama ɗaya daga ginshiƙan aƙidar gurguzu.

Akwai kuma waɗanda suka biya daga nesa. Mafi yawan audugar daga kudancin Amurka take, inda a 1860 bayi baƙar fata kusan miliyan 4 ke aiki ba lada. A dandalin shaƙatawa na Platt Fields, inda muke wasa, akwai wani dogon mutum-mutumi na Abraham Lincoln, wanda sai a 1986 aka mayar da shi tsakiyar gari. Baba ne ya gaya mini dalilin zuwansa. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, yunwa ta shiga gidajen ma'aikata. Duk da haka, a daren ƙarshe na 1862 ma'aikatan Manchesta suka yi taro suka aika wa Lincoln takardar goyon baya kan 'yanta bayi, shi kuma ya amsa musu da godiya a watan Janairun 1863. Baba ya ce, "Ka riƙe wannan, ɗana. Mai jin yunwa ne ya tsaya wa mai sarƙa a ƙafa."

TSAKANIN KANO DA MANCHESTA

Kakana na wajen uba masaƙi ne a Kura, don haka Baba ba ya kallon tarihin garin nan a matsayin na wasu. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini sun bunƙasa, tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Tarabulus, amma ya kuma tarar da yadin Manchesta a kasuwa, an ratso da shi ta Sahara. Wasu matafiyan Turawa har Manchestar Afirka suke kiran Kano.

A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta don nemo wa masaƙu auduga daga ƙasashen mulkin mallaka, kada a sake dogara da Amurka kaɗai. Dattawan Zariya da Funtuwa da Gusau sun san injunan gurzarta. Da wannan buri na auduga aka ja hanyar jirgi har ta isa Kano a 1911, sai manoman Kano suka yi nasu lissafin: masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuma ta fi kawo kuɗi, ga shi in kasuwa ta faɗi a ci abarta. Dalar gyaɗa ta tashi maimakon ta auduga. Amma sannu a hankali akoko da alawayyo masu araha suka riƙa cin kasuwar saƙi, har kakana ya ga 'ya'yansa ba wanda ya gaje shi a kan masaƙa. Baba ya gaje shi ta wata hanya: masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha mai suna David Whitehead aka kafa ta, irin wannan aiki ne kuma ya kai Baba karatu. Ko kamfanin PZ da ya bar sunansa a kan unguwa guda a Zariya, hedikwatarsa a Manchesta take.

Kusa da kwalejinsu akwai tsohon zauren unguwar Chorlton-on-Medlock. Duk lokacin da muka wuce sai Baba ya nuna mini shi, domin a nan ne a watan Oktoban 1945 aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na 5, inda Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Hastings Banda da W.E.B. Du Bois suka zauna suka nemi a kawo ƙarshen mulkin mallaka. Uku na farkon duk sun shugabanci ƙasashensu daga baya.

RANAKUN DAƊI

Yaro dai yaro ne, duk wannan tarihi bai hana mu wasa ba. Filin ƙwallon City na lokacin, Maine Road, yana tsakiyar layukanmu ne, ranar Asabar in aka ci ƙwallo har cikin ɗaki muke jin ihun. Sana'armu ita ce gadin mota: ka tare mai mota ka ce za ka duba masa ita, in ya fito ya ba ka 'yan kwabbai. Ana saura kamar minti 15 a tashi sai a buɗe ƙofofi don masu fita, mu kuma mu kutsa mu kalli ƙarshen wasa kyauta. Ina tuna 1974, shekarar da United ta faɗa rukuni na biyu, yadda rabin layinmu ya kwana murna, rabi ya kwana makoki.

Daren 5 ga Nuwamba kuwa tashe ne sak. Mukan cusa tsumma a tsohon wando da riga mu yi mutum-mutumi, mu ɗora shi a keken jarirai mu bi mutane muna roƙon kwabo, da dare a cinna babbar wuta a kangon da aka rushe gidaje, a gasa dankali a toka. Akwai gidan namun daji na Belle Vue, inda na fara ganin giwa, ni ɗan Afirka, kafin a rufe shi a 1977. Akwai wurin ninƙaya na Victoria mai tangaran kore, da kifi da dankali soyayye da ake naɗe mana a takarda ranar Juma'a, da bas mai bene ruwan lemo da muke rige-rigen kujerar gaba ta sama. A farkon 1974, da masu haƙar kwal suka tayar da ƙayar baya, gwamnati ta taƙaita wa masana'antu wuta zuwa kwana 3 a mako, talabijin ma ƙarfe 10 da rabi ake rufewa. Maƙwabta suka rikice, Inna kuwa ko a jikinta, ita da ta tashi da aci-balbal.

Ba duka ne zuma ba. Akwai samari masu aske kai ƙwal da in ka hango su sai ka sauya hanya, akwai sunayen da aka kira ni da su waɗanda ba zan rubuta ba. Amma a cikin layinmu ɗan layi ɗan layi ne, kuma ranar da wasu suka biyo ni da gudu, Kaka ce ta fito musu da tsintsiya.

DA JINIYA TA YI SHIRU

Faɗuwar ta fara tun kafin a haife ni. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yanke wa Lankasha kasuwanninta, Indiya da Japan suka kafa nasu masaƙun. Gandhi ya sa Indiyawa suka ƙaurace wa yadin Ingila, kuma da ya ziyarci garin Darwen a 1931 ma'aikatan da ƙauracewar ta raba da aiki suka tarbe shi da tafi. A 1933 Japan ta sha gaban Birtaniya wajen fitar da yadi. A 1958 Birtaniya ta fara shigo da yadin auduga fiye da wanda take fitarwa, a shekarar da ta biyo kuma gwamnati ta yi dokar biyan masu masaƙu su farfasa tsofaffin injunansu. A ƙarshen 1968 aka daina ciniki a Royal Exchange, allon farashin ranar ƙarshe yana nan a sama ba a goge ba, zauren kuma ya zama gidan wasan kwaikwayo a 1976.

Mu abin da muka gani shi ne ƙarshen zancen. Tsakanin 1961 da 1983 garin ya rasa guraben aikin masana'antu wajen 150,000. Unguwar masana'antu ta Trafford Park, wadda a 1945 mutum 75,000 ke aiki a cikinta, ta riƙa zama kufai. Tashar jiragen ruwa ta rufe a 1982 saboda sababbin jiragen kwantena sun fi ƙarfin hanyar ruwan, a shekarar ce kuma marasa aiki a Birtaniya suka haura miliyan 3, zamanin Margaret Thatcher. Na ga iyayen abokaina, ƙarti majiya ƙarfi, suna zaune a bakin ƙofa da hantsi, abin da a da ba a gani sai ranar Lahadi.

Gidajen ma ba su tsira ba. An rushe tsofaffin layukan unguwar Hulme aka gina wasu manyan benaye huɗu masu lanƙwasa, aka gama su a 1972. Mutane suka yi murnar samun makewayi da wurin wanka a cikin gida, amma ba a daɗe ba laima da kyankyasai suka addabe su, ga matattakala da lunguna da ɓarayi suka mayar nasu. Kafin tsakiyar shekarun 1990 an rushe su. Abin da ba a iya ginawa ba shi ne maƙwabtaka: mutanen da suka yi shekara 40 ƙofa da ƙofa aka watsa su unguwanni daban-daban.

A watan Yulin 1981 abin ya fashe. Muna cikin makon farko na azumi, azumin bazara mai awa 18 da ɗoriya, samarin Moss Side, baƙaƙe da farare, da rashin aiki da takurar 'yan sanda suka kai su bango, suka kewaye ofishin 'yan sanda su fiye da 1,000, aka ƙona kantuna a titin Princess. Mun yi sahur muna jin jiniyar motoci da ƙarar fashewar gilashi. Kaka ba ta ga wannan ba, ta rasu a hunturun 1979, kuma Inna na cikin matan da suka yi ta dafa shayi ranar jana'izarta.

ABIN DA YA CI DOMA

Da muka dawo Kaduna a 1983 na tarar da abin da Kaka ke ba ni labari yana raye a Kakuri: jiniyar canjin aiki, da dubban kekuna a kan titi, da masu abinci a bakin ƙofar masaƙa, da albashin ƙarshen wata da ke motsa kasuwa har ƙauye. Baba yakan ce wa abokan aikinsa ya ga inda wannan hanya ta ɓulle, in ba a sabunta injuna ba, ba a tsare wuta da iyaka ba, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, ta UNTL ta tsaya a 2007. A daidai wannan lokaci ne kuma aka daina buga atamfa a Hyde, aikin ya koma Akosombo ta ƙasar Gana.

Na koma Manchesta a 2004 da kuma 2019. Garin ya farfaɗo, ba shakka. Yawan jama'arsa da ya kai 766,000 a 1931 ya kuma zube zuwa kusan 400,000, a ƙidayar 2021 ya haura 550,000. Tsofaffin masaƙun Ancoats sun zama gidajen haya masu tsada, inda jirage ke sauke auduga nan BBC ta kafa ofisoshinta a 2011, City ta bar Maine Road tun 2003 an gina gidaje a wurin. Iska ta yi tsabta, ba yaron da ke tari saboda ƙurar auduga, kuma ba mai hankalin da zai so a koma wancan zamani. Layinmu yana nan, an sa makewayi a ciki, ɗalibai da iyalan Somaliya ne a gidajen. Na ƙwanƙwasa ƙofa uku ina tambayar mutanen da, ba wanda ya san su.

Kewar da nake yi ita ce wadda Kaka ta yi, ita ce kuma nake ji a bakin tsofaffin ma'aikatan Kakuri in mun haɗu a wajen ɗaurin aure ko jana'iza. Sun san aikin ya ci musu kunne da ƙirji, sun san wasu ne suka kwashe ribar. Amma aikin ne ya tashe su a sa'a ɗaya, ya zaunar da su a layi ɗaya, ya sa ɗan Ayalan da ɗan Jamaika da Bahaushe suka riƙa ba juna canjin sule, ya sa Bayarabe da Tibi da Bazazzagi suka yi wa juna kara. Manchesta ta ɗauki shekara fiye da 30 kafin ta samu abin da za ta maye gurbin zare da shi, kuma da yawa daga waɗanda suka rasa aikin ba su kai ga cin moriyar sabon garin ba. Mu namu kufan yana nan tsaye a kudancin Kaduna, ciyawa ta fito a bakin ƙofa, masu jiran haƙƙinsu suna ta raguwa shekara bayan shekara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba na raye mafita.